Nonon da Baƙuwata Ta Hana Jikana

Shekarar da 'yan gudun hijira suka sauka a garinmu, bayan an yanke gero, mai unguwa ya rarraba su gida-gida. Ni aka ba ni mace ɗaya, tunda ni kaɗai ce a gida. Mai gidana ya rasu, 'yata tilo kuma tana aure a Minjibir. 'Yan bindiga ne suka koro su daga yamma. Ita baƙuwar mijinta ya riga ya mutu, jaririnta kuma a hanya ya cika, suka binne shi a bakin wata gona. Ta zo da zani ɗaya, gaban rigarta kullum a jiƙe da nono.

Mutanen garinmu ba su yi rowa ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Wannan ta aiko da kwanon dawa, waccan da tsohon hijabi, liman ya sa aka ware mata zakkar gero. Ni kuwa na samu abokiyar hira, muna ɓarar gyaɗa ina tsokanarta da Hausarsu ta yamma. Wani lokacin takan shiga motar Tsanyawa ta ce za ta asibiti, ciwon kai ke damunta. Ban taɓa bin diddigi ba.

Ana nan 'yata ta zo goyon ciki. Ta haifi namiji, jini ya ɓalle, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na iyawa.

Jariri yana ta tsala kuka, mata cike da tsakar gida ana zaman makoki. Sai ungozoma ta ce ai Allah ya kawo sauƙi, ga mai nono a gida. A wajenmu ba a ma roƙon irin wannan, miƙa yaro kawai ake yi. Na ɗauke shi na sa mata a cinya. Ta riƙe shi yana laluben ƙirjinta da baki, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙo mini shi ta ce ba za ta iya ba.

Wallahi kamar in kife ta da mari. Mata suka ɗauki salati. Wata ta ce dama tsintacciyar mage ba ta mage, wata ta ce ta cinye hatsinmu ta hana marayanmu abin da ke zuba a banza. Na ja ta ɗaki, na ce ta gaya mini laifin da na yi mata, in ba haka ba yau ta bar mini gida.

"Inna, ina da ƙanjamau," ta ce. "Da muka gudo maganina ya yanke, ban daɗe da komawa kansa ba. Malamar asibiti ta ce kada in shayar da ɗan kowa. Ki kore ni in kin so, amma ba zan ba shi ba."

Na zauna a bakin gado. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne maganar kwanon da muke ci tare. Ta ce ba a ɗauka ta nan, in ban yarda ba in bi ta asibiti in ji da kunnena. Sannan ta roƙe ni kada kowa ya ji, na rantse mata da Allah.

Washegari muka tafi asibitin da yaron. Malamar ta ba mu madarar jarirai, ta nuna mana yadda ake tafasa kofi da cokali. A bayan asibitin na tarar da mata zaune a gindin darbejiya, yawancinsu baƙi irinta, suna tuna wa juna ranar karɓar magani, suna tambayar wacce ba ta zo ba. A nan na ga baƙuwata tana dariya har da tafa hannu. A gidana ban taɓa ganin haƙoranta haka ba, kuma na ji zafin abin.

Ita ta raini yaron. Ta ɗaure ƙirjinta da tsumma, tana ɗura masa madara cokali-cokali, tana goya shi ta yi daka. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Kwanon maƙwabta ya daina shigowa. A bakin rijiya ta yi gaisuwa a yi kamar ba a ji ba. Ni kuma, da kowa ya san bakina ba ya barin ta kwana, sai in sunkuyar da kai in wuce. In na faɗi gaskiya za su yafe mata rowa, su guje ta saboda cuta. Da suka ga ban kore ta ba, suka ce ta shanye ni, ni ma aka rage zuwa gidana.

Kafin damina ta faɗi, baƙuwar ta tafi. Matan can na asibiti suka samar mata ɗaki a Ungogo da aikin wankau. Na roƙe ta, har na yi kuka, ni da ban iya roƙo ba. Ta ce ta gaji da zama inda ake tofar da yawu in ta wuce, kuma ta ga ni ma tana jawo mini. Na raka ta bakin titi da yaron a bayana. Da motar ta tashi ya miƙa hannu yana ihu.

Yanzu yana wurin ubansa, ana kawo mini shi da salla, ƙato da shi, ko mura ba ta cika kama shi ba. Zuwansa na ƙarshe ya dawo daga wasa ya tsaya a kaina, ya ce wai da gaske ne akwai wata muguwar mata da ta hana shi nono yana jariri? Haka yara suka gaya masa.

Na ce ta hana shi, amma kada in ƙara jin muguwa a bakinsa. Ya ce to me ya sa ta hana shi.

"Sai ka girma," na ce.

Ya ruga waje abinsa. Ni kuwa na zauna ina duban hannayena, don na san tsufan da na yi, ban kuma san ko zan kai lokacin da zai iya riƙe maganar ba.