Gyalen da Na Ɗaura a Kawukudi

A littattafan soyayyar da na taso da su, idan yarinya ta kamu da ciwo sai ta ƙara kyau. Tana kwance cikin farin zanen gado, masoyi na kuka a bakin ƙofa, dangi na neman gafararta. Da likita ya ce mini sankarar mama ce, ban ƙara kyau ba. Gashina ya zube, farcena ya yi baƙi, kokon da nake so ya koma ɗanɗanon ƙarfe a bakina.

Daga mijina sai ƙanwata suka sani. Hijabi ya rufa mini asiri, matan ƙungiyarmu ta unguwar Nima kuwa suna ta zolayata wai rowa ce ta ramar da ni. Ɓoyon ya fara gajiyar da ni fiye da maganin, amma bakina ya kasa furtawa. Kuma ina son in ga yadda fuskar mutum take komawa idan ta ji. Ko kamar a littafi?

Wata nas a asibiti ta ba ni labarin tattakin da za a yi don taimaka wa masu irin ciwona. Ta ce kowa zai sa farar riga, masu jinya kaɗai ake ba gyale ruwan hoda. Nan na ga hanyata: gyalen zai yi maganar. Na gayyaci ƙungiya.

Na manta da halin matanmu. A wurinmu ba a fita taro sai da yayi, wato kaya iri ɗaya daga sama har ƙasa, kamar ranar biki. Suka iso Kawukudi, inda za a fara tattakin, da hantsi cikin leshi, sun ɗora farar rigar a kai, wasu da takalma masu tsini. 'Yan badujala na gwada ƙahonninsu. Na je teburin masu shiryawa na karɓi gyalena, na ɗaura a kan hijabi, na dawo ina kallon idanunsu ɗaya bayan ɗaya.

Magajiyar ƙungiya, wata hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Tudu, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, ke kaɗai za ki ɓata mana yayi? Ina ake rabawa?"

Kafin in buɗe baki ta isa teburin. Ta yi musu yaren Twi, ta yi Turanci, ta nuna ni, ta nuna sauran. Yarinyar da ke rabon ta ɗauka dukanmu daga ɗakin jinya ɗaya muke, ta miƙo ƙunshi guda da hannu biyu. Haka muka kama hanya, kowace da gyale, mutane na tafa mana daga gefen titi, wata tsohuwa har da share hawaye. Matanmu suna ɗaga hannu, sun ɗauka leshin ake yabawa.

Dariya ta so kama ni, amma gajiya ta riga ta. Wajen Kasuwar Malam Atta, kusa da masu soya kifi, na tsaya. Na dafa wata rumfa. Hajiya ta dawo da baya tana faɗa, wai ita da a haife ta haife ni ba ta tsaya ba.

Na ce, "Hajiya, gyalen nan na masu ciwon ne. Nawa na gaske ne."

Na zuba wa fuskarta ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta dafe ƙirji ba. Ta dai tsuke baki irin yadda take yi idan tana auna yadi.

"Wane ɓangare?"

"Hagu."

Ta zare jakata daga kafaɗata ta hagu, ta rataya a tata, ta zagayo hagu don kada wani ya buge ni a cunkoso. Ta ce maganar ɓoyon da na yi mata tana nan, sai mun koma gida. Muka ci gaba a hankali, can bayan kowa, tana korar masu babur da gefen mayafinta.