Adda Jummai da Jakar da Ta Ɓace

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Adda Jummai, amma ranar Litinin da ta wuce, da na danna maɓalli na ga jakar ɗalibai ta ɓace daga kwamfuta, bayan salati sunanta ne ya fara fita daga bakina.

Ni ce mai kula da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta a Madaki. Hotuna da sunayen 'yan ajin ƙarshe duk suna cikin jaka guda, kuma ranar za a rufe rajistar jarrabawa. Mai yi mana gyara ya tafi biki Kwadon, sai ya turo min layin umarni ta waya, ya ce in kwafa in liƙa a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni, jakar za ta koma inda ake turawa. Na liƙa. Babu jaka, babu alamarta. Shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Hadiza, in yaran nan suka rasa jarrabawa, ke za ki tsaya gaban iyayensu."

Adda Jummai 'yar wan babana ce. Shagon gyaran kwamfuta gare ta a Bolari, tsakanin masu faci da masu walda. In namiji ya shigo yana tambayar ina mai shagon, sai ta ce, "Ga shi nan, yau zani ya ɗaura." Da na gama sakandare ita ta zaunar da ni kusa da ita. Ba ta taɓa bari na kwafi umarni ba, sai dai in buga da yatsuna. Ta kan ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta kuma da hankali. Kafin ki zarge ta, sa ta maimaita miki abin da ta ji. Lokacin haushi nake ji, ina ganin ɓata lokaci ne. Ashe sauri ya haifi nawa.

Da tana raye ta ga yadda muke ɗibar umarni a waya muna zubawa ido rufe, na san dariya za ta fara yi, sannan faɗa ya biyo baya.

Ina kuka na yi yadda ta koya min. Na sa na'urar ta maimaita layin. Gani ya kori ji: wayar ta lanƙwasa alamomin buɗe zance da rufewa da ke rungume da sunan wurin da jakar za ta koma, kwamfuta kuma ta karanta su a matsayin wasu harufa kamar tonon kaza. Ba gogewa ta yi ba, sake wa jakar suna ta yi da wannan shirmen. Na nemo ta, na buga umarnin da hannuna, harafi bayan harafi.

Shagonta yanzu mai sayar da taya ne a ciki, kabarinta ma sai an nuna min. Abin da ya rage shi ne wannan haƙurin na tsayawa a tambaya, kuma shi ya tsaya wa yaran mutane. Allah Ya jiƙan Adda, Ya sa ta huta.

Ana kiran la'asar shugaban ya dawo da takarda a hannu, ya ce, "Duk sun shiga rajista, Hadiza. Tashi ki wanke fuskarki."