Mummunar Kujerar Theresa

Theresa 'yar Baba Sila gajeriya ce, irin gajartar da in za ta hau kabu-kabu sai mai babur ya karkatar mata da shi. A barikin soja aka haife ta, can kudu, inda uban ya yi aiki har ya kai saja. Ta yi firamare a gari huɗu, ta dawo Zuru da Hausar bariki, da Turanci mai kauri, da C'lela, yaren mutanen Zuru, da ta koya a bakin kakarta, wadda rabinta zagi ne. Mijinta Aaron malamin makaranta ne a Mahuta, sai ranar Juma'a ake ganin ƙeyarsa. Shi ya sa tun rasuwar mahaifiyarta take zaune a gidan uban, tana tuƙa masa tuwo, yana ba ta umarni kamar kurtu.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tasha, kafin aiki ya biyo ta har ɗaka. Wata ƙungiya ce ke zaga ƙauyukan Bena tana ɗaukar muryar manoma, su faɗi abin da ke damun dawarsu da wakensu. Ita kuma a turo mata muryoyin, ta toshe kunne da wayar sauraro, ta saurara, ta rubuta da Turanci a kwamfuta, ta mayar. Matan unguwa suka ce wannan ba aiki ba ne, zaman banza ne da waya a kunne. Da suka ga ta sauya kwanon rufin ɗakinta, sai suka fara tambayar ko ana ɗaukar wasu.

Matsalar ɗaya ce: baya. Awa takwas a kan farar kujerar roba, irin ta gidan biki, ba wasa ba ne ga mace mai shekara arba'in da 'yan kai. Sai ta je ta sayo kujera ta gani ta faɗa, baƙa, ta fata, mai juyawa, mai bayan da ya wuce kanta da kamu ɗaya. Ranar da aka kawo ta, Baba Sila ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya.

"Bari in gwada miki, kar a ce an cuce ki."

Gwajin nan bai ƙare ba. Kwana uku kujera ta fito falo, kwana bakwai ta kai gindin mangwaro. A gidan mutunci kuwa baƙo ake ba kujera mafi kyau, kuma gidan tsohon saja ba ya rabuwa da baƙi: tsofaffin sojoji masu jiran fansho, dattawan coci, surukai daga kan dutse. Kowa ya zo sai Baba ya miƙe ya ce ya zauna, ya ɗan juya shi hagu da dama don ya san ba ƙaramin gida ya shigo ba. Wace 'ya ce za ta ce wa ubanta tashi? Ba Theresa ba. Kuma tsakaninta da Allah, ko kwana biyun da ta yi a kai ba ta ji daɗinta ba. Ƙafafunta lilo suke yi a sama kamar na 'yar yaye, fatar kuma in zafin Afrilu ya taso sai ta manne mata a jiki.

Ta koma kan roba. Bayan ya ƙara rikicewa, har ta kai in ta sunkuya ɗaukar tsintsiya sai ta yi shawara da gwiwoyinta kafin ta miƙe. Aiki ya taru, muryoyi ashirin da shida. Matar da ke kula da ita a ƙungiyar ta bugo waya cikin ladabi mai sanyi, ta ce in ba a gama nan da mako biyu ba, akwai wani a Birnin Kebbi da ke jira.

Washegari ta rataya jakar kwamfuta ta nufi shagon Muhammad Sani, mai sayar da kayan ofis na gwanjo a bayan kasuwa, mutum mai tumbi da zaƙin baki. Yana ganinta ya fara kaɗe wata ƙatuwar kujera ja.

"Madam, wagga ta manaja ce. Kina zama, ko mijinki sai ya yi sallama."

"Malam Sani, ajiye manajanka. Abu biyar nake so. Ta tokare min ƙugu, nan ƙasa inda bayan ya lotsa. Ta sauko har tafin ƙafata ya taka ƙasa. Ta sha iska. Kada ta cinye min kuɗin wata."

"Huɗu ke nan."

"Na biyar, ta zama mummuna."

Ya tsaya da tsumma a hannu. "Mi kika ce?"

"Mummuna. Wadda in dattijo ya gani zai ce gara tabarma."

"Madam, shekara ashirin ina sana'ar ga, ba a taɓa zagin kayana tun kafin a gani ba."

Ta ba shi labarin Baba da gindin mangwaro. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce shi ma nasa tsohon ya ƙwace masa fanka.

Theresa ba ta sayen kujera da ido kuma. Ta buɗe kwamfuta a kan teburinsa, ta ce kowacce sai ta yi rabin awa tana aiki a kai. Ta farko laushi kamar katifa, minti goma ta nutse har haɓarta ta kusa taɓa teburi. Ta biyu hannayenta sun yi tsawo, kafaɗunta suka haye kunne. Ta uku tana motsi sai ta yi ƙara kamar akuya.

"Ki biya kuɗin haya, kin mayar min da shago ofis," in ji shi.

"Kawo shayi tukuna, ofis ba ya rasa shayi."

Can ƙurya, ƙarƙashin wasu tsofaffin labule, ta hango wata. Bayanta raga ce kamar rariya, launinta ya ƙoɗe ya koma na toka, hannu ɗaya an naɗe shi da baƙar roba. Muhammad Sani ya ce wannan ko kyauta kunyar bayarwa yake ji. Ta zauna. Ta laluba ƙarƙashi ta ja wani ɗan ƙarfe, kujera ta yi ajiyar zuciya ta sauko, ƙafafunta suka taka siminti daram. Ragar ta lanƙwaso ta rungumi ƙugunta daidai inda ke ciwo, iska na ratsawa. Rabin awa ta wuce, awa ta wuce, manomi ɗaya na Bena ya gama kukan tsutsar masara tas, ba ta ko muskuta ba.

Da Muhammad Sani ya ga haka sai kunyarsa ta warke, kuɗi ya tashi. Ta tuna masa da bakinsa ya ce ko kyauta. Suka ja, suka sassauta, suka daidaita a kan abin da bai kai sulusin kuɗin baƙar ba.

A gida, Baba Sila ya leƙo ta saman tabarau.

"Da kuɗi kika sayi wannan, ko a bola kika tsinta?"

"Gwanjo ce, Baba."

"An cuce ki."

Bai ce zai gwada ba. Amma Theresa ba ta saki jiki ba sai ranar Lahadi, da Dattijo Kefas na cocinsu ya biyo su gida bayan sujada. Ta turo mummunar kujerar har tsakar gida kamar yadda tarbiyya ta ce.

"Baba Kefas, ga wuri."

Baba Sila ya zabura. "Ke! Dattijon coci za ki ɗora a kan rariya? So kike a ce gidan Saja Sila ya lalace? Mayar da abin nan ɗaka, kar in ƙara ganinsa a waje!"

"To, Baba," in ji ta, kai a sunkuye, don kada a ga haƙoranta.

Ta gama muryoyin ashirin da shida saura kwana biyu wa'adi ya cika, aka turo mata wasu talatin. Har yau in ta ji takun Baba ya doso ƙofarta, sai ta yamutsa fuska, ta dafa ƙugu, ta ja tsaki.

"Wannan kujera, Baba, sai haƙuri."

"Ai na faɗa miki," in ji shi, ya wuce abinsa.