Ranar da aka yi cigiyar jini a masallacin kasuwa

"Malam, jinin matarka rare ne, samun irinsa sai an tona."

Haka likita ya ce min a wani asibiti a Gaya, bayan maiɗakina ta haihu jini ya ƙi tsayawa.

Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a wata sakandare a Ajingi. Rare, scarce, seldom, ba irin rubutun da ban yi wa ɗalibai a allo ba. Amma ban taɓa jin nauyin kalmar rare a ƙirjina ba sai ranar.

Duk 'yan'uwa aka gwada, ba wanda ya dace. Yayana ya ruga masallacin kasuwa, ya roƙi ladan ya yi cigiya bayan azahar, yadda ake yi in akuya ta ɓata.

Kafin la'asar sai ga wani magidanci a babur, da buhun gyaɗa ɗaure a baya. Aka gwada shi, ya dace.

Da ya fito yana danne da auduga a hannu, na tare shi da godiya.

Ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Sani ne, na bencin baya, wanda kake kora waje saboda surutu. Da aka taɓa gwada ni aka ce rare, ban nemi fassara ba. Wallahi ita kaɗai na riƙe a ajinka."

Ga dariya, ga hawaye.

Uwa da jaririya suna lafiya, alhamdulillah. Don Allah ku saka min Sani a addu'a. Ku fa, kun san irin jininku kuwa?