Ramin da Ya Ci Katangarmu

Bayan gidanmu a Koki kududdufi ne tun kafin a kawo ni gidan. Daga cikinsa kakannin maigidana suka haƙi ƙasar da suka yi tubali, haka ma maƙwabta, shi ya sa ya yi zurfi. Da mutane suka yi yawa sai aka mai da shi bola. Toka, kashin awaki, tsumma, leda, mushen kaji, har ya cika ya yi doro, ciyawa ta rufe shi. Baƙo in ya gani sai ya rantse tsandauri ne. Ni kuwa na san tokar murhuna ta shekara da shekaru tana ciki.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai filin ya sami mai shi. Wani Alhaji ne mai fataucin atamfa, wanda ya yi wa jam'iyyar da ta ci zaɓe hidima. Aka ce yana da takardar izini, shaguna zai gina. Ni ban san baƙi ba balle boko, ban nemi ganin takarda ba. Katangar bayan ɗakina nake kallo, don ita kaɗai ce tsakaninmu da filin.

Lokacin maigidana ya riga ya rasu, gida yana hannun ɗan farina. Baduku ne, yana da rumfa a Kurmi, yana ɗinka jakunkuna da kube. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Haka na tarar, haka na yi. In ina da magana da shi sai in aiki matarsa, in ba ta kusa in juya in gaya wa bango yana ji.

Leburori suka fara da diga da shebur. Suna neman marmara da za su ɗora harsashi a kai, sai baƙar ƙasa mai wari suke ta fitarwa, da gutsattsarin kwano da silifa. Suka nutsa har wuya, babu. Sai Alhajin ya kawo katafila ta wajen Ƙofar Mazugal, tana tafe tana gugar kusurwar gidajen mutane. Ita ce ta cinye tudun ƙasar da ke gindin katangarmu. Katangar tubali ba ta da tushe mai zurfi, faɗin gindinta ne ke riƙe ta. Ga kuma damina ta faɗi.

Ta ciki tsagar ta fara, a bayan randata. Da fari tsinken tsintsiya ne ke shiga. Sai ɗan yatsa. Ran da na tura hannuna har wuyan hannu na ji iska mai sanyi daga ciki, na yafa mayafi na nufi gidan maiunguwa. Daga waje kuwa ba a ganin komai, don ba a daɗe da yi mata yaɓe ba.

Matar ɗana tana jego a lokacin. Safe da yamma ana tafasa mata ruwa da ganye a babbar tukunya, a lungun da ke jikin katangar nan take wanka, don nan kwata take.

Maiunguwa ya yi ƙoƙari, ya zo da wani ma'aikaci daga ofishin masu kula da gine-gine, matashi mai ladabi. Ya tsaya bakin ramin ya daɗe yana kallo.

“Izinin shaguna aka bayar,” in ji shi. “Wannan zurfin na bene ne. Kuma ciko ne, ba a haƙa shi haka a jikin gidan mutane.”

Mai kula da leburorin, wani gajere mai jan ido, ya yi dariya. “Ranka ya daɗe, wane gida? Ga katanga nan sumul kamar goshin amarya. Tsohuwa ce ba ta son ƙarar inji.”

Ma'aikacin ya ce in ya ga ɓarna da idonsa, a yau zai iya tsayar da aiki. In bai gani ba, sai ya rubuta ya kai, takarda ta bi layi. Muka taho zaure, muka tarar da ɗana a tsaye ya tokare ƙofar shiga.

“Malam, leƙawa kawai zan yi in ga tsagar.”

“Iyalina na jego. Ubana bai taɓa shigar da ƙato gidan nan ba, ba a kaina za a fara ba. Ka dawo bayan arba'in.”

“Haba ɗana,” in ji maiunguwa, “a shigar da ita ɗaki a saki labule mana.”

“Baba, a gidanka an taɓa yi?”

Maiunguwa ya sunkuya yana gyara takalmi. Ni kuwa na juya na fuskanci bangon zaure na ce, “A gaya wa mai gidan nan katanga ba ta san arba'in ba.”

Shi ma bangon ya kalla. “A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Ni zan tsayar da aikin da kaina.”

Ma'aikacin ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ni na koma ciki na kwashe mai jego da jaririnta na mayar ɗakin da ke kusa da zaure, na fitar da shimfiɗata. Ban nemi izinin kowa ba.

Washegari aka wayi gari da ruwa. Da ya ɗauke, ɗana bai tafi kasuwa ba. Ya tara abokansa na unguwa da 'yan rumfarsu, suka je suka tsaya gaban katafila. Na bi bayansu na tsaya a kan lungu.

Ashe Alhajin ya ajiye 'yan daba, ragowar waɗanda suka yi masa aikin zaɓe. Kullum suna zaune ƙarƙashin wata rumfar kwano suna busa hayaƙi, mu mun ɗauka masu gadi ne. Suka miƙe a hankali. Babbansu, mai tabo daga kunne zuwa haɓa, ya zaro barandami daga cikin riga yana kaɗa shi.

“Baduku, koma ka ɗinka wa mata jaka.”

“Kai kuma koma wurin uban gidanka ya jefo maka ƙashi.”

Iyakar maganar ke nan. Wani ya yi jifa da rabin bulo, ya sami ɗaya daga cikin 'yan daban a baki, haƙora suka zubo. Sai gora ta fara tashi. Ƙarar gora a kan mutum ba ta kama da komai, na taɓa jin ta a kan jaki, ba ɗaya ba ne. Na ga ɗan maƙwabciyata ya durƙusa yana tare jini da hula. Na ga an kama wani ɗan daba an danna kansa cikin taɓo ana taka masa wuya. Leburori biyu da ke cikin ramin suka ga duwatsu na zubowa, suka matsa suka rakuɓe a gindin katangarmu, don nan ne jifa ba ya kaiwa.

Mai tabon ya nufi ɗana kai tsaye. Ya kawo sara ta ka, ɗana ya ɗaga hannun dama ya tare. Na ga naman hannun ya buɗe. Ya faɗi a bakin ramin, biyu suka rufe shi da gora, mai tabon ya sake ɗaga barandami.

Sai na kira sunansa. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba. Na kira shi da muryar da ban san ina da ita ba, har mai tabon ya waiwayo. Ɗana ya ɗago kai daga cikin laka yana nemana, ya mirgina gefe, saran ya sauka a ƙasa.

Direban katafila ne ya ƙarasa abin. An farfasa masa gilashi, jini na zuba a idonsa, ya ja injin da baya a gigice yana neman hanyar gudu. Ƙasa ta girgiza har tafin ƙafata. Katangar ba ta yi ƙara ba da fari, sai ta sunkuyo kamar mai ruku'u, sannan ta tafi gaba ɗaya cikin ramin, da rabin ɗakina, da azara, da randa.

'Yan daban suka arce. Jama'a suka kama gajeren mai jan ido suka yi ta dukansa har ya daina kare kansa, wasu suka cinna wa katafila wuta. Sauran suka faɗa ramin suna tono da hannu. An ciro lebura ɗaya da rai, ƙugunsa a karye. Ɗayan sai bayan azahar aka kai gare shi, bakinsa da hancinsa cike da jar ƙasar katangarmu. Ɗan ci-rani ne, kullum yana sallama a ƙofarmu a ba shi ruwan sha. Ba wanda ya san garinsu. Mutanen unguwa ne suka yi masa sutura.

Gidanmu kuwa ya zama fili. Tukunyar wankan jego tana kan wuta tana tururi, zannuwan mai jego a kan igiya, maza sun cika tsakar gida, da na unguwa, da 'yan kallo, da 'yan sandan da suka zo suna harba barkonon tsohuwa. Da la'asar ma'aikacin nan ya zo, ya tako ta kan ɓaraguzai ya shigo, ba wanda ya tare shi. Ya gaishe ni bai iya haɗa ido da ni ba. Ba laifinsa ba ne, na kuma gaya masa haka.

An tsayar da aikin. Mai jego ta ƙarasa arba'in ɗinta a bayan zana da tabarmi da muka kafa. Kafin kaka ramin ya cika da ruwa, kwaɗi suka dawo.

Ɗana ya daɗe a asibiti. Hannun ya warke a ƙandare, yatsun ba sa haɗuwa, ba ya iya riƙe basilla. Yana nan a rumfarsa ta Kurmi yana sayar da aikin wasu. Ban sake kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Da rani ya yi aka tashi mayar da katanga, da bulo wannan karon. Ina zaune ina tsince shinkafa na ji muryarsa daga zaure yana cewa, “A kintsa, maza za su shigo.” Ya shigo a gaba, magina na biye da shi, yana nuna musu wurin da hannun hagu.