Kujerar Baba Zauna-Tukuna

Kafin a buɗe ƙofar ofishin haraji ya riga ya iso. Zai goge teburinsa da ke ƙarƙashin matakala, inda iskar fanka ba ta kaiwa, ya jawo wata tsohuwar kujerar katako ya ajiye a gabansa. Kujerar ba ta gwamnati ba ce. A kanta ɗansa ya yi karatu, shi kuma uban ya ɗauko ta daga gida don ya gaji da ganin mutane a tsaye murya na rawa. Duk wanda ya shigo da takarda a hannu, ido ja, abin da zai fara ji shi ne, "Zauna tukuna." Da haka sunan yanka ya ɓace, kowa sai Baba Zauna-Tukuna.

Aikinsa amsa tambaya ne, aikin da ba ya kawo ƙarin girma. Masu zuwa wurinsa yawanci 'yan ƙasa ne da ke aiki a waje, da baƙin da aiki ya kawo nan.

"Doka ba ruwanta da inda aka binne cibiyarka," haka yake ce musu. "Inda kake kwana take tambaya. In zamanka a nan ya wuce rabin shekara, kai mazauni ne, duk abin da ka samu, gida ko waje, sai an cire haraji. In bai kai ba, abin da ka samu a nan kawai za a taɓa."

Wani direban babbar mota ya taɓa ce masa, "Baba, ni fa a mota nake kwana."

"To, motar a ina take hutawa?"

Direban ya tafi yana dariya, ya manta da faɗa ya zo. Masu gadi kuma sun shaida wata baƙuwar nas da ta shigo tana kuka, a zatonta kama ta za a yi. Baba ya bar abincinsa ya huce har sai da ta gane inda ta tsaya.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, mai buga hatimi ce ta gani, wadda teburinta ke kusa da nasa. Baba ɗa ɗaya gare shi, injiniya ne a wata ƙasa mai nisa. Yaron ya yi niyyar dawowa gida da iyalinsa, ya riƙa yi wa kamfanin can aiki ta kwamfuta. Baba har ya sa an yi wa ɗakin yaron fenti. Rannan da azahar sai ga waya daga yaron.

"Baba, in na dawo, za a taɓa albashina na can?"

Mai buga hatimi ta ɗago kai, ta ji Baba ya ce:

"Za a taɓa. Dukansa."

"Ba wata hanya?"

"Akwai. Kada ka wuce rabin shekara."

Da ya ajiye wayar ta ce, "Haba Baba! Ai da ka ce sai ka bincika. In ya dawo ya ga uwarsa, ina zai iya komawa?"

"'Yata, ban taɓa ɓoye wa wanda ya zauna a kujerar nan gaskiya ba. Shi kuwa shi ya fara zama a kanta."

Yaron bai dawo ba. Yana zuwa dai, zuwan baƙo, akwati ko kwancewa ba ya yi. Jikoki ta waya suka san kakansu. Uwargidan Baba har yau takan ce, "Malam, da bakinka ka kori yaron nan." Ba ya musu, don shi ma abin na cin sa.

Makon jiya Baba ya yi ritaya. Ba a kawo wani a madadinsa ba, wata na'ura aka kafa a gurbin teburin, mutane na latsa ta a tsaye. Na gani, raina ya ɓaci.

Baba, kai ne ka zaunar da mu lokacin da kowa ke cewa mu dawo gobe. Kai ne ka faɗi gaskiyar da ka san za ta bar gidanka shiru, alhali kalma ɗaya ta isa ta cika shi. Mai gaskiya ko a kan ɗa, mun gode. Allah Ya saka, Ya sanyaya maka rai.

Ku da ke bayan tebur, ku koyi zaunar da mutum kafin ku ba shi amsa. Ku kuma da ke can kuna auna zuwa gida da ma'aunin haraji, ku tuna akwai masu jira, kuma tsufa suke yi.

Ranar sallama Baba bai ɗauki komai ba sai kujerar. Mai buga hatimi ta tambaye shi inda zai kai ta.

"Ɗakin yaron," ya ce. "Fentin bai dushe ba tukuna."