Kamu Ɗaya na Goggo Sumie

Goggo Sumie ƙanwar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi, a wani lungu na unguwar masaƙa ta Nishijin da ke Kyoto. Shekarunta tamanin da ɗaya yanzu. In ka tambayi mutanen lungun wace ce ita, ba za su ce maka ta yi shekara arba'in tana naɗe wa mijinta zaren siliki ba, ko da yake ta yi. Cewa za su yi, ai ita ce mai sharar ƙarfe shida.

Tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta gidan. Washegarin biki surukarta ta miƙa mata tsintsiya, ta fito da ita ƙofar gida, ta shimfiɗa sandar awon yadi a ƙasa daidai inda bangonsu ya haɗu da na maƙwabta. Ƙa'idar lungun ke nan: ka share ƙofarka, ka ƙara kamu ɗaya ta dama, kamu ɗaya ta hagu, ka tsaya. In ka tsaya cak a kan iyakarka, a ce kai marowaci ne. In ka wuce kamu ɗaya, ka zagi maƙwabcinka, ka ce masa ya kasa da ƙofarsa. Goggo ta riƙe wannan tun daga ranar. Mijinta ya rasu, ƙarar saƙa ta ɗauke daga lungun gida bayan gida, amma awonta bai motsa ba. Ina yarinya nakan tsokane ta in ce ko ido rufe za ta iya auna shi, sai ta ce, "Ke dai ki iya tashi da wuri tukuna."

Ta hannun dama akwai Iya Tsuyako, wadda ta girme ta da shekara biyar. Sun fi shekara hamsin bango ɗaya, suna gaisawa da ladabi suna auna juna: tukwanen furen wa suka fi kyau, shanyar wa ta fi fari. Ba su taɓa faɗa ba, ban kuma taɓa ganin ɗaya ta wuce zauren ɗaya ba. Gaba da Iya Tsuyako sai shagon Baba Genzo mai aski, wanda abokan cinikinsa duk sun ƙare sai mutum shida, huɗu a ciki ma masu sanƙo.

Idon Iya Tsuyako ya soma dushewa shekara uku da suka wuce. Ɗanta Noboru, da ke zaune a Osaka, yana zuwa sau ɗaya a wata, kuma ya daɗe da samar mata gurbi a gidan kula da tsofaffi. Masu mayar da tsofaffin gidaje masaukin 'yan yawon buɗe ido ma sun yi ta kai masa takardar neman sayen gidan. Ita ta ce ba inda za ta. Da gardama ta yi tsawo sai ta yanke da bakinta, a ƙofar gida, kowa na ji: "Ranar da na kasa share ƙofata, zo ka ɗauke ni. Kafin nan ka ƙyale ni."

Abin da ya biyo baya ban san shi ba sai da na ɓata shi. Goggo ta lura tsohuwar tana fitowa ƙarfe bakwai da tsintsiya, tana shara inda ba datti, tana tsallake inda yake. Sai kamun Goggo ya soma tsawo. Yau ta ƙara faɗin yatsa, wani makon ta ƙara wani. Daga ɗaya ɓangaren na Baba Genzo ma ya soma tsawo. Ba su taɓa yin shawara ba, ba su taɓa ambatar maganar ba ko a tsakaninsu. Cikin shekara biyu suka ci ƙofar gaba ɗaya, ban da ɗan fili daidai bakin ƙofa. Nan suke barin busassun ganyen da iska ke kaɗowa daga bishiyar wurin ibada na bakin lungu, don tsohuwar ta ji ƙararsu a ƙarƙashin tsintsiya. Noboru ya zo ya tarar da ƙofa fes, ya sha shayi, ya koma.

Ni kuwa shekarata talatin a Tokyo ina aiki a ofishin inshora. Sau ɗaya nake zuwa a shekara, in yi ta ɗaukar hoton fitilun takarda da tukwanen fure kamar baƙin da nake yi wa dariya. Zuwana na bara ya faɗo lokacin zubar ganye, na tarar bayan Goggo ya riƙe, ko juyi ba ta iyawa. Da safe na ga tana laluben bango za ta tashi.

"Goggo, kwanta don Allah. Shara ce fa, ba saƙa ba."

"Chizuru, kin dai tuna awon?"

"Haba Goggo, a gidan nan fa na girma."

Na tuna awon sarai. Na share ƙofarmu, na ƙara kamu ɗaya, na ɗaga kai sai na ga ƙofar Iya Tsuyako: ta wajen mai aski tas, sauran kuma ganye ya rufe. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan wace irin rowa ce, tsohuwa ba ta gani, mutane na tsaye suna awo da sanda kamar masu sayar da yadi? Na ɗauka ni ce mai zuciyar kirki a lungun, tunda na ga duniya. Na share ƙofar kaf har bakin dokin ƙofa, na kwashe ganyen, na kawo bokiti na yayyafa ruwa. Har da ja da baya na yi in kalli aikina.

Baba Genzo ne ya fara fitowa da tawul a kafaɗa. Ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Yarinya, wa ya aike ki?"

Shekarata arba'in da takwas, amma a lungun nan yarinya ce ni har gobe. Na ce, "Baba, taimako ne kawai."

"Taimako! Ina ganyen?"

"Suna cikin leda."

"Maza zuba su. Maza, kafin..."

Ƙofa ta zuge. Iya Tsuyako ta fito da tsintsiyarta, gashi a gyare. Ta ja tsintsiya sau ɗaya, shiru. Ta sake ja, shiru. Ta zare ƙafa daga takalmi ta taɓa ƙasa da yatsa, ta ji danshi. Ta mayar da ƙafar cikin takalmi.

"Wa nake ji a nan? Chizuru ce?"

"Ni ce, Iya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Kai, mutanen Tokyo akwai ƙoƙari. Sannu da aiki, 'yata. Har da ruwa."

Ta rusuna min, ta juya ciki. Baba Genzo ya ce, "Shi ke nan, kin aske mu ba sabulu," ya shige shagonsa.

Goggo ba ta yi min tsawa ba, da ma ta yi. Tana kwance ta kalli rufi ta ba ni labarin shekara biyun nan a jimla huɗu, sannan ta ce, "Ke a ganinki ba mu da hannu ne?" Kunya ta hana ni cin abinci.

Wajen ƙarfe uku Iya Tsuyako ta zo zaurenmu da kwalin alewar wake, an naɗe shi da takardar godiya. Goggo ta rarrafo ta zauna, tana ganin kwalin ta kau da kai.

"Yaya, ki yi haƙuri. Yarinya ce, ba ta san kan gari ba. Ki mayar da wannan."

"A'a, wanda ya yi maka aiki ai sai ka gode masa." Tsohuwar ta tura kwalin gabana. Sannan ta juya wajen muryar Goggo. "Sumie, ke kam ban taɓa gode miki ba."

"Godiyar me? Kamu ɗaya ne, kowa na yi."

"Kamun naki ya yi tsawo tun bara waccan. Na Genzo ma haka, shi har tari yake yana yi. Ido ne ba ni da shi, ba kunne ba." Ta yi 'yar dariya. "Da ba wanda ya ce komai, ni ma ban ce ba. Yanzu kuwa an yi a fili, an gode a fili. Na buga wa Noboru."

Na ce, "Iya, laifina ne, gobe ba zan taɓa ba, a koma yadda ake."

"Ba a komawa, 'yata. Ni na faɗi maganar da bakina, lungu duk ya ji."

Bayan mako uku Noboru ya sa ranar zuwa da mota. Na ɗauki hutu na dawo, don na kasa zama a Tokyo. Bayan Goggo ya saki, amma ran nan ƙarfe shida ta yi tana zaune tana shan shayi. Na miƙa hannu ga tsintsiya, ta ce, "Taɓa ki gani." Na leƙa waje. Iska ta kwana tana aiki, ganye ya cika lungu, shagon Baba Genzo ma a rufe, ƙofarsa ba shara. A shekara hamsin da takwas, wannan ce safiyar farko da Goggo ta ga ƙofarta da datti ta ƙyale.

Ƙarfe bakwai muka ji ƙofar maƙwabta ta zuge. Muka ji tsintsiya tana tafiya a hankali, ganye na ƙara. Ta yi nisa ta wajen mai aski, ta dawo, ta zo daidai bangonmu. Goggo ta ajiye kofi. Tsintsiyar ta shigo ƙofarmu, ja ɗaya, ja biyu, ta tsaya.

Sai da motar Noboru ta fita daga lungu da tsohuwar a ciki Goggo ta buɗe ƙofa. Ta ɗauko tsohuwar sandar awon surukarta daga bayan kabad, ta sunkuya da ƙyar ta shimfiɗa ta a inda aka share.

"Kamu ɗaya cif," ta ce. "Kin gani? Ba ido ma."

Ta miƙo min sandar, ta juya min baya, ta soma shara.